Aiki ya samu a Minnesota, amma uwargida na fargabar tuƙi a dusar ƙanƙara

Abban Yara (Houston):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da sanin uwargida na kawo maganar nan.

Shekararmu tara a Houston. Makon jiya wani kamfani da ke ƙera na'urorin asibiti a gefen Minneapolis, a jihar Minnesota, ya ba ni aiki. Albashin ya fi wanda nake ɗauka yanzu nesa ba kusa ba, su za su biya kuɗin kwashe mana kaya, kuma aiki ne da na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni irinsa. Sun ba ni mako uku in ba su amsa, in na amince in fara a farkon Janairu. To tun ranar da na faɗa mata ba ta ƙara samun barcin kirki ba. Ba garin take ƙi ba, ba kuma nisa ba ne. Tuƙi a hunturu ne matsalar.

Abin yana da asali. A Fabrairun 2021, lokacin sanyin nan da ya ɗauke wuta a Texas, mun kwana biyu a duhu, ƙaramarmu tana wata bakwai. Ina wurin aiki, sai ta ɗebo yaran za ta kai su gidan wata ƙawarta da ke da wuta. A kan wata gadar sama motar ta ƙwace mata, ta juya, ta daki shingen siminti. Alhamdulillahi ba wanda ya ko ƙwarzane, amma sai da ta yi wata huɗu ba ta taɓa sitiyari ba. Yanzu yaranmu uku, kuma ita ce mai kai su makaranta da Islamiyya da asibiti.

Ku da kuke can, da gaske abin ya kai yadda ake faɗa? Kuma ta yaya zan shawo kanta?

Ɗan Zango (Columbus):
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri. Tsoro ne kawai, kowa da haka ya fara. Ni daga Kumasi na zo ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, hunturu ɗaya na saba. Kada ka bar aiki ya wuce ka saboda wannan.

Anti Nas (Minneapolis):
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Hunturuna na goma sha biyu ke nan a garin nan, aikin jinya nake yi, kuma yawanci ƙarfe shida na asuba nake fita, lokacin da hanya ta fi muni. Zan faɗa maka abin da na gani da idona, mai daɗi da mara daɗi.

Mara daɗin tukuna. Sanyin nan ba wasa ba ne. A shekara ana samun dusar ƙanƙara kimanin inci 50, takan fara a Nuwamba, wani lokaci har Afrilu ba ta gama ba. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya kai 33 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, ranar motata ƙin tashi ta yi. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, wato ɗauko yara daga Islamiyya a duhu za a yi shi. Duk wanda ya ce maka babu komai, bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma ka gaya wa Maman yara wannan: abin da ya same ta a Houston ba shi ne tuƙin hunturun Minnesota ba. Ranar ta hau gadar da ba a zuba mata gishiri ba, da tayoyin zafi, a garin da ba shi da kayan aikin, cikin direbobin da su ma ba su san abin da suke yi ba. Ko ni da na shekara goma sha biyu a nan aka ɗora ni a kan gadar nan a ranar, juyawa motata za ta yi. Ai a watan ne motoci sama da 130 suka yi karo da juna a Fort Worth, mutum 6 suka rasu, kuma a kan hanyar da aka ɗaga sama abin ya faru. Ba rashin iya tuƙinta ba ne.

A nan hukumar hanyoyi ta jiha kaɗai tana da motocin share ƙanƙara kimanin 800, ban da na birane da na gundumomi. Tun kafin dusar ta sauko za ka ga sun feshe manyan hanyoyi da ruwan gishiri, layi-layi fari a kan kwalta. In ta zubo da dare, kafin hantsi manyan hanyoyi sun buɗe. Akwai manhajar 511 ta jihar, kana kwance a gado za ka ga hoton hanyar da za ka bi, har da hoton da kyamarar motar shara ta ɗauka. Ranakun da ni kaina nake jin tsoro a shekara ba su da yawa, kuma a mafi yawansu makarantu rufewa suke yi.

Sannan ta zo unguwar Cedar-Riverside ko kasuwar Karmel Mall ta ga 'yan uwanmu matan Somaliya. Daga ƙasa mai zafi suka zo, ga su nan da hijabansu cikin Sienna cike da yara a tsakiyar Janairu. Ba wani sihiri suka yi ba, koyo suka yi.

Direban Tirela (Ohio):
Anti ta faɗi gaskiya. Shekarata goma sha biyar ina jan tirela tsakanin Ohio da Dakota, na bi babbar hanyar I-94 a hunturu ba adadi. Bari in ƙara da abin da sana'a ta koya mini.

Dusar da kake gani fara a kan hanya ba ita ce abokiyar gaba ba, don ita tana gargaɗinka, kana ganinta ka rage gudu. Mugun shi ne baƙar ƙanƙara, wadda ke shimfiɗe a kan kwalta siririya kamar gilashi, ka ɗauka hanya ce ta jiƙe. Ga yadda muke gane ta: in hanya ta yi ƙyalli kamar an yi ruwa, dubi tayoyin motar da ke gabanka. In suna feso ruwa, ruwa ne. In babu feshi kuma ƙarar taya ta yi shiru, to a kan ƙanƙara kake. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka burki, kada ka murza sitiyari. Gada ita ke fara daskarewa kafin sauran hanya, saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa, ba ƙasar da za ta ɗumama ta. Abin da ya kama Hajiya ke nan. Kuma gishiri yana da iyaka: in sanyi ya wuce kamar 9 ƙasa da sifiri, ƙarfinsa raguwa yake yi sosai, shi ya sa a ranakun tsananin sanyi ko sama garau take, mahaɗar hanyoyi da hawan babbar hanya sukan yi santsi.

Burki kuma. Motocin yanzu suna da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki. In ka taka da ƙarfi a kan santsi za ka ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, tana gurnani kamar wani abu ya karye. Sabon direba sai ya firgita ya ɗage ƙafa, nan ake yin karo. Karkarwar nan aikinta take yi. Ka danne, ka riƙe, idonka a kan inda kake so motar ta je, ba a kan abin da kake tsoron bugawa ba. Hannu yana bin ido.

Ragowar duk haƙuri ne. Tazarar daƙiƙa shida ko fiye tsakaninka da na gaba. Kada a kunna na'urar riƙe gudu. In ka ga motar shara, ka bar mata tsawon mota goma, kada ka yi gigin wuce ta, hanyar da ke bayanta ta fi wadda ke gabanta kyau. Ni kullum in na fito daga gida sai na ɗan taka burki a layinmu inda babu kowa, in ji yadda ƙasa take ranar.

Ɗan Zango (Columbus):
Ka saya mata Subaru ko wata mai jan taya huɗu kawai, magana ta ƙare.

Direban Tirela (Ohio):
A'a ɗan uwa, a nan ban yarda da kai ba. Jan taya huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya. Kowace mota burki huɗu gare ta. Duk safiyar da aka yi dusa, motocin da nake gani a rami gefen hanya yawancinsu manyan jif-jif ne, don masu su sun ji motar ta tashi lafiya sun ɗauka hanya lafiya take. Camry da tayoyin hunturu ta fi jif da tayoyin gama-gari tsayawa. In akwai kuɗin duka biyu, madalla. In ɗaya za a zaɓa, taya.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Ina goyon bayan direba. Mu nan Quebec ba ma zaɓi ba ne, doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayoyin hunturu, in ba haka ba tara. Dalilin shi ne robar. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da 7, robar tayar yau da kullum ƙandarewa take yi, ita kuwa ta hunturu tana nan da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage da ke kama ƙanƙara. Ku duba gefen tayar, za ku ga hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, ita ce shaida. Guda huɗu ake sawa, ba biyu ba. Tayoyin Blizzak ko X-Ice duk suna da kyau. A Minnesota ba a tilasta ba, shi ya sa da yawa ba sa sawa, amma ga wadda ke da fargaba ba abin da zai kwantar mata da hankali kamar ta taka burki ta ji mota ta amsa.

Ni abin da ya taimake ni, na koyi tuƙi a rairayi tsakanin Damagaram da Tanut. Mota a yashi ba ta son gaggawa, ba ta son a fizgi sitiyari, in ka danna totur da ƙarfi tona rami take yi. Dusa mai laushi kusan haka take. Amma ƙanƙara daskararriya ba ta da misali a gida, sai dai a koya a nan.

'Yar Zazzau (Atlanta):
Abban yara, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don Allah ba da rashin kunya ba. Na karanta rubutunka sau biyu. Tambayarka ta ƙarshe ita ce yadda za ka shawo kanta. Wato kai ka riga ka yanke, saura a samo dabarar da za ta amince. Kowa a nan ya kama maganar taya da gishiri, ba wanda ya tsaya a kan cewa baiwar Allah nan mota ta juya da ita da jaririya 'yar wata bakwai a baya, kuma kai ba ka ciki. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Kai za ka shiga ofis da safe ka fito da yamma, hanya ɗaya. Ita ce za ta yi sawu huɗu ko biyar a rana da rayuka uku a kujerar baya.

Ina nan Atlanta a Janairun 2014 lokacin da dusa inci biyu kacal ta tsayar da garin. Awa tara na yi a mota, ɗana ya kwana a makaranta. Har yau in aka ce za a yi dusa cikina murɗawa yake yi. Na san Minnesota ba Atlanta ba ce, hankalina ya sani, amma jikina bai sani ba. Ita ma ina jin haka take.

Abban Yara (Houston):
'Yar uwa, maganarki ta shige ni. Gaskiya ne, a zuciyata na riga na karɓi aikin kafin in zauna da ita. Amma wallahi ba don kaina kaɗai ba ne. Haya muke biya shekara tara, akwai iyaye a gida da ƙanne da ke makaranta a wuyana. Kuma Houston ɗin ma ba tudun mun tsira ba ce. A guguwar Harvey, 2017, ruwa har cikin falonmu. A guguwar Beryl, 2024, mako guda muka yi babu wuta cikin zafin Yuli. Sai nake ganin kowane gari da irin jarrabawarsa.

'Yar Zazzau (Atlanta):
Haka ne, ban musa ba. Sai dai ambaliya takan zo ta wuce, hunturu kuwa wata biyar ne duk shekara, kuma a kanta zai fi sauka. Ban ce kada ku tafi ba. Cewa na yi amsar da za ka ba kamfanin ta zama ta ku biyu.

Malam Mai Tafsiri (Chicago):
Allah ya yi muku zaɓin alheri. Ku yi istihara ku biyun, kowa da kansa. Amma ina jan hankalin masu cewa a yi tawakkali kawai. Sahabin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tayar hunturu da koyon tuƙi da duba hasashen yanayi duk ɗaure raƙuma ne. Kuma tsoron da ya biyo bayan haɗari ba raunin imani ba ne, kada wani ya faɗa mata haka.

Ɗalibar Buffalo:
Ina so in ƙara abin da ba a taɓo ba, ba don in tsorata kowa ba. Ina nan lokacin guguwar Disambar 2022, mutum sama da 40 suka rasu a yankin nan, wasunsu a cikin mota ko a kusa da motocinsu. Darasin da garin nan ya koya shi ne, in hukuma ta ce kada a fita, kada a fita. In kuwa mota ta maƙale, a zauna a ciki, kada a ce za a taka da ƙafa. A kunna injin kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, amma kafin nan a fita a tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba, in ta toshe hayaƙin cikin mota yake dawowa, ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji. A but ɗina daga Nuwamba akwai bargo, ƙaramin shebur, tocila, wayar tada batir, safar hannu, dabino da buhun yashin kyanwa na zubawa ƙarƙashin taya. Tanki kuma ba na bari ya sauka ƙasa da rabi.

Namu daban ne da na Minneapolis, mu tafkin Erie ke jibgo mana dusa, tamu ta fi yawa, su sanyinsu ya fi tsanani. Amma shirin ɗaya ne.

Hajiyar Winnipeg:
Ƙananan abubuwa ga mai tasowa daga Texas. Ruwan wanke gilashi da ke cikin motarku yanzu a zubar da shi a sa na hunturu, na kudu daskarewa yake yi a kan gilashi kana cikin tafiya, gaba ɗaya ka daina gani. A gwada batir, in ya haura shekara uku ko huɗu a canza. Iskar taya na raguwa in sanyi ya sauko, a riƙa dubawa. Kuma ku nemi gida mai gareji ko da zai fi tsada, fita kankare gilashi da asuba ga yara uku na jira shi ke fara karya zuciya. Kada dai a ɗumama mota a rufaffen gareji.

Amma ni ina tare da 'Yar Zazzau. Kuma zan faɗi abin da mutanenmu ba sa son ji: ta ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan firgici. Akwai masu aiki musamman da waɗanda suka yi haɗarin mota, mataki-mataki suke mayar da mutum kan hanya. Inshorar aiki da yawa tana biya.

Ɗan Zango (Columbus):
Hajiya, har abin ya kai ga likitan ƙwaƙwalwa? Ai lafiyarta ƙalau.

Hajiyar Winnipeg:
Lafiyarta ƙalau, shi ya sa ma za ta amfana. Shekara nawa da haɗarin, kuma har yanzu ambaton dusa na hana ta barci. In ƙafa ce ta gurɗe tun 2021 har yau tana ciwo, da tuni mun ce a je asibiti.

Maman Yara (Houston):
Assalamu alaikum. Ni ce wadda ake maganarta. Abbansu ya miƙo mini wayar na karanta komai tun daga sama, sai na ce gara in shigo da kaina. Na gode muku duka, har da ɗan uwana na Columbus, na san alheri yake nufi.

Anti Nas, lokacin da na karanta inda kika ce ke ma da kin hau gadar nan motarki juyawa za ta yi, sai da na ajiye wayar na yi kuka. Duk shekarun nan ina ɗauka ni ce na yi ganganci da 'ya'yana. Har yanzu ina jin shirun da motar ta yi kafin ta juya, kamar an ɗauke ta daga ƙasa. Na taka burki, fedar ta kama karkarwa, na ɗauka ta lalace na ɗage ƙafata. Sai yau da direba ya yi bayani na san ba lalacewa ta yi ba.

Amma akwai abin da ko Abbansu ban faɗa wa sosai ba. Ba haɗarin kaɗai nake tsoro ba. Wata huɗun nan da na daina tuƙi sun fi mini haɗarin ciwo. Madara ta ƙare sai na jira shi. Yaro ya yi zazzaɓi sai na kira maƙwabciya. Ni da na yi shekara biyu ina fama kafin in samu lasisi, na koma kamar ranar da na sauka a ƙasar nan. A Houston na tsira ne don ina da mutane: ƙawaye uku a unguwa ɗaya, matan masallaci, wadda za ta kawo mini tuwo ba tare da na roƙa ba. In muka je can tsoron nan ya dawo mini, wa zan kira? Wata biyar a kulle a gida, rana na faɗuwa ƙarfe huɗu da rabi, shi yana ofis, ban san kowa ba. Wannan ne ke hana ni barci.

Ba na so in zama sanadin da zai rasa aikin nan. Na ga yadda fuskarsa ta yi ranar da aka kira shi. Amma ba na so in ce to don kunya, in je in zame masa kaya.

Anti Nas (Minneapolis):
Ƙanwata, sannu. Allah ya saka miki da alheri da kika fito kika faɗa da bakinki. Yanzu muka san ciwon da muke magani.

Ki saurare ni. Abu na farko, in kun zo ba dole ne ki yi tuƙi kullum a hunturun farko ba. Ku zaɓi gida a inda motar makaranta ke tsayawa a bakin layi, wannan kaɗai ya ɗauke miki sawu biyu a rana. Ku tambayi gundumar makarantar kafin ku sa hannu a takardar haya, don kowace da nisan da take ɗauka. Ku zauna kusa da kanti da asibitin yara yadda ba sai kin hau babbar hanya ba. Ni hunturuna na farko gaba ɗaya ban hau I-35 ko I-494 ba, ta cikin unguwa nake bi, kuma ba wanda ya ce na gaza. Ranar da aka yi dusa mai yawa a kawo miki cefane har ƙofa. In cikin birni za ku zauna akwai jirgin ƙasa na Blue Line da Green Line, amma da yara uku ni unguwannin gefe na fi ba ku shawara. A cikin birnin kuma akwai dokar ajiye mota in an ayyana ranakun share dusa, wanda bai kula ba janye motarsa ake yi.

Na biyu, maganar mutane. Ba zan yaudare ki ba, Hausawa a nan ba su kai na Houston ba, kasuwar kayan gida ma ba ta kai taku ba. Amma musulmi suna da yawa, masallatai ko'ina, naman halal ba wahala, har kiran salla ake yi a lasifika a Minneapolis, tun 2023 birnin ya amince da duka biyar ɗin. Mu 'yan Arewa da 'yan Nijar 'yan kaɗan ne amma muna haɗuwa, kuma a garin sanyi mutane sun fi riƙe juna. Tambayarki ta wa za ki kira, ki fara da ni.

Na uku, kuma wannan Abban yara nake wa: Janairu shi ne mafi munin watan da za a kawo mai wannan fargabar. Sabon gari, sabuwar makaranta, kaya a kwali, ga tsakiyar sanyi. Ka roƙi kamfanin su ɗaga maka zuwa bazara, ko ka fara kai kaɗai iyali su biyo ka in an rufe makaranta a ƙarshen Mayu. In ta zo a Yuni za ta san hanyoyin garin a bushe, ta san kowace kwana da kowace danja, ta yi ƙawaye, ta canza lasisi, don kwana 60 ake ba sabon zuwa. Dusar farko ta Nuwamba za ta same ta a hanyar da ta riga ta haddace.

Direban Tirela (Ohio):
Hajiya, ɗage ƙafar da kika yi, da yawa daga cikin direbobin da na sani sun yi shi a karon farko. Maganinsa ki ji karkarwar nan sau ashirin a filin da babu abin bugawa, har ƙafarki ta daina tsoronta. Filin ajiye motoci na babban kanti ko makaranta, da sassafe ranar Lahadi bayan an yi dusa, wanda ba shi da turakun fitila a tsakiya. Gudun kilomita 20 ya isa. Ki taka, ki tsaya, ki sake. Akwai kuma makarantun tuƙi a Minnesota da ke koyar da sarrafa mota a kan santsi, da malami a gefenki. Shawarata kada maigida ya zama malamin, miji da mata a darasin tuƙi ba kasafai ake wanyewa lafiya ba.

Ɗan Zango (Columbus):
Hajiya ki yafe ni, na yi gaggawar magana ban san zurfin abin ba.

Maman Yara (Houston):
Ba komai ɗan uwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Abban Yara (Houston):
'Yan uwa, ga inda aka kwana bayan kwana biyar. Mun zauna mun yi magana irin wadda rabonmu da ita an daɗe. Na kira kamfanin na faɗa musu gaskiya cewa iyalina ba za su iya tasowa a tsakiyar hunturu ba. Sun ƙi ɗaga ranar farawa har zuwa bazara, amma sun yarda in fara a Fabrairu, in riƙa zuwa mako biyu ina dawowa in yi mako ɗaya daga gida, kuma kuɗin kwashe kayan zai jira har Yuni. Sun ƙara mana kwana goma kafin amsa ta ƙarshe.

Ba mu ce musu to ba tukuna. Ita ta kawo sharaɗi, kuma na karɓa: za mu je mu biyu mu yi kwana huɗu a can a tsakiyar Disamba, ƙanwata za ta zauna da yaran. Tana so ta ga garin a lokacin da ya fi ba ta tsoro, ta zauna a gaban mota ta ga yadda ake yi, in ta ji za ta iya ta karɓi sitiyari. In ta dawo ta ce a'a, na yi mata alkawari a gaban yayarta cewa maganar ta mutu, ba gori. Ta kuma samu ganin mai ba da shawarar da Hajiyar Winnipeg ta ambata, ranar Talata za ta fara. Abin da ya rage mini damuwa shi ne watannin da zan riƙa barinta da yara uku ita kaɗai, wannan ma muna kan lissafinsa.

Maman Yara (Houston):
Anti, motar haya za mu ɗauka a filin jirgi. Suna sa musu tayoyin hunturu kuwa? Kuma me zan saya na sawa kafin mu taho?

Anti Nas (Minneapolis):
Yawancinsu ba sa sawa, tayoyin gama-gari ne, don haka ba da ita za ki koya ba. Tawa ce za ki ja, makon jiya aka ɗaura mata na hunturu. Ranar Lahadi ba na aiki, bayan sallar asuba zan zo in ɗauke ki, akwai filin wata makaranta kusa da mu da babu kowa a lokacin. Abban yara ya zauna a masauki ya sha shayi. Kada ki sayi rigar sanyi a Houston, tasu ba ta nan ba ce, ina da guda biyu da ke shiga a kan hijabi. Takalmi kawai ki turo mini lambar ƙafarki ta akwatin sirri, da ranar da jirginku zai sauka.